Bishop Ajayi Crowther: Bawan Da Sarkin Nupe Ya Kira Uba

A tsakiyar shekarun 1880, Etsu Nupe Maliki ya sa aka rubuta wata wasiƙa da harshen Hausa daga Bidda, aka damƙa ta a hannun wani limamin coci mai suna Charles Paul, domin ya isar da ita ga shugabansa, Bishop Samuel Ajayi Crowther. Abin da wasiƙar ta ƙunsa koke ne a kan barasar da kamfanonin Turawa ke jibgewa a ƙasar Nupe, wadda Sarkin ya ce ta lalata masa ƙasa ta kuma haukata masa mutane. Ya roƙi Crowther, wanda ya ambata a matsayin uba a gare su, da ya kai kukansu gaban Sarauniyar Ingila don a hana shigo da ita. Mai karatu zai iya tsayawa ya yi mamaki: ta yaya Sarki Musulmi, jinin Malam Dendo, ya rasa wanda zai amince wa da irin wannan saƙo sai wani tsohon Bayarabe Kirista, wanda aka taɓa musayarsa da doki a ƙuruciyarsa? Amsar tana cikin rayuwar mutumin, kuma rayuwa ce da ta cancanci mu san ta fiye da layi biyun da aka koya mana a darasin tarihi na sakandare, wato cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Angalika.

An haifi Ajayi a wajajen shekarar 1809 a garin Osogun da ke cikin Jihar Oyo ta yau. Ya tashi ne a lokacin da daular Oyo ke rugujewa, yaƙe-yaƙe suka barke ta ko'ina, kamun bayi ya zama sana'a. A shekarar 1821 wata runduna ta auka wa garinsu da safe. Kamar yadda shi da kansa ya rubuta daga baya, rundunar ta haɗa da Yarbawa Musulmi na Oyo da Fulani da kuma bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu. Aka ƙona garin, aka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, mahaifinsa kuwa bai sake ganinsa ba har abada. Kafin a yi nisa aka raba su kamar yadda ake raba ganima. Aka ba da shi a madadin doki, da dokin bai gamsar ba aka mayar da ciniki, daga nan ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, wani lokaci a kan taba, wani lokaci a kan giya, har aka kai shi Ikko aka sayar wa fataken Fotugal.

Akwai wani abu a wannan zango da masu taƙaita tarihinsa suka cika tsallakewa, alhali kuwa shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Yaron nan ɗan shekara 12 ko 13 ya kai matsayin da ya yanke ƙauna daga rayuwa. Ya bayyana cewa tsoron a sayar da shi ga Turawa ya sa a dare fiye da ɗaya ya yi yunƙurin shaƙe kansa da ɗamararsa, sai dai ya kasa ƙarasawa. Wannan shi ne ramin da ya fito daga cikinsa. A watan Afrilu na 1822 aka loda shi a jirgin ruwan 'yan Fotugal, amma kafin jirgin ya bar gaɓar Ikko sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar fataken bayi suka kama shi. Ko a hannun masu ceton nasa ma hankalinsa bai kwanta ba, domin da shi da sauran yaran sun ga yankakken naman alade a rataye da tarin harsasan igwa, suka ɗauka gaɓɓai ne da kawunan 'yan'uwansu da aka yanka. A watan Yuni na wannan shekara aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo.

A Saliyo ya faɗa hannun malaman ƙungiyar mishan ta CMS. Cikin wata shida ya fara karanta Littafi Mai Tsarki da Ingilishi, ya kuma koyi aikin kafinta. An yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba, 1825, inda ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajistar ɗalibai. Ya auri wata baiwar Allah mai suna Asano, wadda ita ma ceto ta aka yi daga jirgin bayi, suka zauna tare kimanin shekara 50 har ta rasu a 1880. A shekarar 1837 ya rubuta labarin kamunsa, kuma a cikinsa ne ake ganin yadda raunin ya warke. Ya ambaci ranar da aka ƙona Osogun a matsayin ranar baƙin ciki, sannan ya ce ya koyi kallonta ta wata fuskar a matsayin rana mai albarka, domin ta wannan hanya ce ya samu imanin da ya riƙe. Ko mutum ya yarda da aƙidarsa ko bai yarda ba, dole ya lura cewa wanda ya iya sake fassara mafi munin ranar rayuwarsa haka, ya kuɓuta daga ƙullatar da kan cinye zukatan waɗanda aka zalunta. Wannan kuɓuta ce ta ba shi damar zama daga baya a fadojin Bidda da Ilori ba tare da wuƙa a zuci ba.

Alaƙarsa da yankinmu ta fara ne a 1841, lokacin da gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara da nufin ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da kafa gonar gwaji a Lakwaja. CMS ta sa shi ya raka wani Bajamushe, James Frederick Schön. Tafiyar ta zama bala'i, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, amma ta haifar da abu biyu. Na farko, Schön ya duƙufa kan harshen Hausa, ya fitar da jerin kalmomi a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi labarin Dorugu. Na biyu, shugabannin CMS suka gane cewa idan ana son aiki a cikin ƙasa, to 'yan Afirka ne za su yi shi. Aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi limami a 1843, kuma a wannan shekara ya buga littafinsa na farko kan kalmomi da nahawun Yarbanci.

A 1846 ya isa Abekuta tare da abokin aikinsa Henry Townsend. A can ne, bayan rabuwar shekara 25, aka kawo masa wata tsohuwa, sai ga shi mahaifiyarsa ce, Afala. Ƙannensa ma suna raye. A 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu. Duk wanda ya san yadda cinikin bayi ke watsa iyali zuwa Brazil da Kuba da bayan Sahara ya san cewa irin wannan haɗuwa ba kasafai take aukuwa ba, kuma shi kansa ya ɗauke ta a matsayin alamar cewa ba a banza aka bar shi da rai ba.

A nan ya kamata a ɗan tsaya kan aikinsa na harshe, domin shi ne ɓangaren da bai tsufa ba. Yarbanci harshe ne da karin sauti ke ɗaukar nauyin ma'ana ƙwarai. Kalmar da ake rubutawa igba tana iya nufin ƙwarya ko ɗari biyu ko lokaci ko gauta, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Mu ma a Hausa muna da irin wannan, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya, sai dai masu tsara rubutun boko sun bar wa mai karatu ya gane daga mahallin zance. Crowther ya nace cewa a Yarbanci dole a sa alamar karin sauti a kan wasula, kuma wannan ra'ayi nasa, tare da shawarwarin masana na Turai da taron daidaita ƙa'idojin rubutu da aka yi a Legas a 1875, shi ne ginshiƙin rubutun Yarbanci har gobe. Ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da aka kammala a tsakiyar shekarun 1880, fassarar da ta taimaka wajen samar da daidaitaccen Yarbanci daga kare-karen Oyo da Egba da sauransu. Hanyarsa ta tattara bayanai ita ce wadda muke koya wa ɗalibai a yau: ya zauna da tsofaffi da makaɗa da masu duba da malaman Musulmi, ya saurari yadda suke sarrafa kalma, ya rubuta karin magana a duk inda ya ji ta. Bai tsaya a harshensa ba. Ya fitar da littafin koyon karatu na Ibo a 1857, da na Nufanci a 1860, da nahawu da kalmomin Nufanci a 1864.

Yadda ya samu Nufancin ma darasi ne. Bayan tafiyar 1854 tare da Dokta William Baikie, wadda aka hau Binuwai aka dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba saboda shan kwinin, sai aka sake fita a 1857 cikin jirgin Dayspring. Jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, ayarin ya maƙale a bakin kogi kusan shekara guda. Wani zai kira wannan asarar lokaci, shi kuwa ya mayar da zaman makaranta, ya shiga kasuwannin Rabba da ƙauyukan kewaye da alƙalaminsa. Jarrabawar da ta fi wannan zafi ta zo a ƙarshen 1862, lokacin da gobara ta cinye gidansa na Legas, tare da rubuce-rubucen fassara da tarin kalmomi da karin maganar da ya kwashe shekara 11 yana haɗawa. Duk manazarcin da ya taɓa rasa ko da babi ɗaya na kundinsa ya san nauyin wannan. Ya koka, sannan ya ɗauko sabuwar takarda ya sake farawa.

A duk tsawon wannan lokaci yana da majiɓinci a Landan, wato Henry Venn, sakataren CMS, wanda ya yi imani cewa burin ɗan mishan shi ne ya kafa coci mai mulkin kansa, mai ciyar da kansa, mai yaɗa kansa, sannan ya tattara kayansa ya yi gaba. Venn ya so a naɗa Crowther bishop. Wanda ya fi kowa adawa da hakan shi ne Townsend, abokin tafiyarsa zuwa Abekuta, wanda ya riƙa rubutawa cewa 'yan ƙasa ba za su girmama baƙin bishop ba, kuma bai dace Bature ya zauna a ƙarƙashinsa ba. Crowther da kansa ya yi ta nuna ba ya son muƙamin, domin ya san irin ƙurar da zai tayar. Amma zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi a babban cocin Canterbury, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin mahalarta har da Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya cece shi shekara 42 kafin nan. Sai dai naɗin ya zo da tarnaƙi: an ba shi ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, amma Turawan mishan da ke ƙasar Yarbawa aka bar su a ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo. Ma'ana, an nesanta shi daga inda ya fi ƙwarewa a harshe da al'ada, aka tura shi kogi, inda ba shi da jirgi, ba shi da isassun kuɗi, ma'aikatansa kuma 'yan Saliyo ne da yawancinsu ba su yi zurfin karatu ba.

Da wannan ɗan abin hannu ya riƙe tashoshi daga Bonny da Brass a bakin teku, zuwa Anaca, zuwa Gbebe da Lakwaja, har zuwa tudun Kippo daura da Eggan. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi tare da ɗansa Dandeson a yankin Idah, ya nemi fansar fam 1,000. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ya ƙi biyan kuɗin, suka ruga zuwa kwalekwale, kibiya mai dafi ta samu Fell ya mutu. A Bonny kuma sarakunan gargajiya suka tsananta wa bayin da suka karɓi Kiristanci, har aka kashe wani mai suna Joshua Hart a 1875. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai sa Crowther ya daina hawa da saukar kogin duk shekara ba, a mafi yawan lokuta yana jiran alfarmar jiragen 'yan kasuwa.

Mu'amalarsa da Musulmi ita ce abin da ya fi shafar mai karatun wannan shafi. Tun yana matashi a Saliyo ya gwada muhawara mai zafi, ya ga ba ta haifar da komai sai gaba, sai ya bar ta. Tsarin da ya ɗauka shi ne ya san abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa da mahaifiyarsa, ya fara zance daga inda aka haɗu, idan an yi masa tambaya ya amsa da nassin littafinsa ba tare da zagi ko gori ba. Ya yi hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba, ya ba shi kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya kuma zama manzo tsakaninsa da gwamnatin Ingila bayan an rufe ofishin jakadanci na Lakwaja a 1869. A 1872, a kan hanyarsa ta ƙasa daga Bidda zuwa Legas, ya tsaya a fadar Ilori, inda aka yi masa tambayoyi masu kaifi kan matsayin Annabi Isa a gaban malamai da fadawa. Bai ɓoye abin da ya yi imani da shi ba, su ma ba su sauka daga nasu ba, amma aka tashi lafiya, har aka nemi ya yi wa Sarki addu'a. Sarakunan nan sun san sarai abin da ya kawo shi, ba su karɓi addininsa ba, amma sun shaida cewa ba ya ƙarya kuma ba ya cin amana. Wannan shaida ce ta sa wasiƙar barasa ta nufi ƙofarsa.

Venn ya rasu a 1873, kuma da rasuwarsa inuwar ta gushe. Zamani ma ya juya. Kamfanin George Goldie, wanda ya samu lasisin sarauta a 1886 ya zama Royal Niger Company, ya tattare cinikin kogin ya kori 'yan kasuwa baƙaƙe. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya halatta rabon Afirka. A Turai kuma ra'ayin fifikon launin fata ya samu rigar kimiyya, har ya shiga majami'u. Turawan da a da suka ce ba za su iya rayuwa a kogin ba, yanzu kwinin ya buɗe musu hanya, sai baƙin bishop ya zama abin da ya tsone musu ido. Aka fara da karɓe harkar kuɗi da jirgin mishan daga hannunsa. A 1880 aka tura wani Bature, J. B. Wood, ya rubuta rahoto cike da zarge-zarge a kan ma'aikatansa, ba tare da an ba waɗanda ake zargi damar ganin abin da aka ce sun yi ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba duk zargin ne ƙage ba. An samu ma'aikatan da suka fi mayar da hankali ga fatauci, an samu mashaya, an samu masu lalata, kuma a 1877 wasu mutanen da ke da alaƙa da mishan a Anaca suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, lamarin da ya kai ga shari'a a Freetown. Crowther mutum ne mai taushin hali, wanda ya fi son ya yi nasiha ya jira tuba a kan ya kori mutum, kuma ba ya yanke hukunci sai da shaida. Tashoshin suna da nisa, shi kuma yana Legas rabin shekara saboda rashin jirgi. Masu sukarsa sun kira wannan rauni. Abin tambaya shi ne, wa ya hana shi jirgin, wa ya hana shi kuɗin horar da ma'aikata, sannan ya dawo yana tuhumarsa da sakaci?

Guguwar ƙarshe ta zo a 1890 tare da wasu samarin Ingila masu zafin aƙida, ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke, wanda bai wuce shekara 25 ba, da John Alfred Robinson. Burinsu shi ne su kutsa ƙasar Hausa, don haka suka sauka Lakwaja suka sa riga da rawani suka shiga koyon Hausa. Ba a shakkar gaskiyar niyyarsu, amma baƙo ko da ido makaho ne. Cikin 'yan watanni suka yanke hukunci cewa aikin shekara 33 duk ruɓaɓɓe ne, suka shiga goge sunayen mutane daga rajistar coci. A watan Agusta na 1890 aka yi zaman kwamiti a Anaca, inda sakataren mishan, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson, wanda yake babban limami mai kula da yankin bakin teku. Dattijon da ya haura shekara 80, wanda ya fara hawa kogin tun kafin a haifi waɗannan samari, ya zauna ana tuhumarsa kamar ɗan makaranta. Ya ajiye shugabancin kwamitin. Hedikwata a Landan ta sassauta wasu daga cikin hukunce-hukuncen, amma ta bar ginshiƙin sabon tsarin, kuma mafi yawan ma'aikatansa baƙaƙe suka rasa aikinsu.

Abin da ya yi bayan wannan wulaƙanci shi ne ma'aunin mutumin. Legas ta ɗauki zafi, Edward Blyden ya zo yana kira da a kafa cocin 'yan Afirka zalla, kuma a 1891 wasu suka ɓalle suka kafa nasu. Da Crowther ya ɗaga yatsa, da dubbai sun bi shi. Bai fita daga cocinsa ba, bai kuma shiga jaridu yana ramuwa ba. Ya kare ma'aikatansa a rubuce, cikin ladabi da hujja, ya ƙi amincewa a hukunta kowa ba tare da bincike ba, sannan ya koma bakin aikinsa a Bonny. A can ya goyi bayan shirin da zai sa majami'un bakin teku su riƙe kansu da kuɗinsu da limamansu, amma a cikin Angalika, wato ainihin abin da Venn ya koya masa tun farko. Yana cikin wannan shiri ne ya samu shanyewar ɓarin jiki a tsakiyar 1891. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. A watan Afrilu na 1892 Dandeson ya ƙaddamar da cocin bakin teku mai cin gashin kansa, kuma ya bunƙasa.

Samarin da suka zo gyara ba su kai ƙasar Hausa ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta tura ɗan'uwansa Charles Henry Robinson har Kano, shi ne kuma ya wallafa ƙamusun Hausa da aka daɗe ana amfani da shi. Kujerar Crowther kuwa Bature aka ba, baƙaƙe suka koma mataimaka, kuma sai da aka yi kusan shekara 60 kafin a sake damƙa wa ɗan ƙasa cikakken ikon bishop a Angalikan Nijeriya. Jikansa Herbert Macaulay ya ɗauki gwagwarmayar zuwa fagen siyasa, ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, kuma a Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946 yana rangadin NCNC. Masana tarihi irin su Farfesa J. F. Ade Ajayi sun sake buɗe takardun CMS suka nuna yadda aka yi wa dattijon rashin adalci. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Limamin Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya bayyana nadama da kunyar cocinsa kan abin da aka yi masa. Haƙuri ya dafa dutse, ko da yake mai dafawar bai zauna shan romon ba.

Me ɗan boko na Arewa zai ɗauka daga wannan tarihi? Da farko, akwai darasin riƙon aiki. Da yawa daga cikinmu, a jami'a ko asibiti ko ma'aikata, mun san ɗacin a ɗora maka nauyi a hana ka kayan aiki, sannan a turo sabon shiga ya rubuta rahoto a kanka. Wasu kan mayar da martani da zagon ƙasa, wasu su naɗe hannu su bar komai ya lalace. Crowther ya bambanta aikin da ya yi imani Allah ne Ya ba shi da mutanen da ke rike da ofis a Landan, shi ya sa cin mutuncinsu bai kashe masa zuciya ba. Daga ibadarsa da littafinsa yake samo ƙarfin tashi bayan kowace faɗuwa, tun daga jirgin bayi har zuwa zauren Anaca. Sannan akwai darasi ga masu gyara, musamman matasa masu zafin kishi a kowane addini da kowace ƙungiya: laifi tudu ne, kuma wanda ya rushe ginin dattijo cikin wata shida ba lalle ne ya iya aza tubali ɗaya a gurbinsa ba.

Darasin da ya fi kowanne gaggawa shi ne na zaman tare. Mun ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, inda maƙwabta suka zama abokan gaba da sunan addini. Ga mutumin da runduna mai ɗauke da sunan Musulunci ta ƙona garinsu ta sayar da shi, amma ya zauna da sarakunan Musulmi shekara da shekaru cikin mutunci. Ga kuma sarakunan da suka san ya zo ne da wani addini, amma suka ba shi masauki suka saurare shi suka amince masa da sirrinsu. Babu wanda ya sayar da aƙidarsa a cikinsu. Abin da suka riƙe shi ne gaskiya a magana, da sanin harshen juna, da kame baki daga zagi. Limamanmu da fastocinmu, da mu da muke koyar da 'ya'yansu, ya kamata mu tambayi kanmu ko mun kai waɗannan mutane na ƙarni na 19 wayewa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kuma ba mu shugabannin da za a iya aika wa wasiƙa daga ɗaya ɓangaren da yaƙinin cewa za su isar da ita.